Inda Kalsiyam ɗin Oga Sinadari Ya Sauka

Duk wanda bai taɓa ganin Oga Sinadari yana shigowa ofis ba ya yi asarar kallo, kuma babu mai rama masa. Tumbinsa ne ke fara shigowa, ya gaisa da masu gadi, ya tabbatar komai lafiya, sannan shi kansa ya biyo baya. Ƙafarsa cikin farin kambas wanda bai taɓa sanin ƙura ba. A wuyansa usur mai sheƙi. A hannunsa agogo mai ƙirga taku, wanda saboda tausayin mai shi bai taɓa shan wahalar ƙirga fiye da ɗari uku a yini ba. Allah Ya yi mutum a nan, Ya kuma yi shi da yawa.

Muƙaminsa a takarda shi ne Mataimakin Daraktan Walwala da Motsa Jiki na wani kamfani mai bene hawa shida. Shekara tara yana kan kujerar, ba a san shi da komai ba sai raba rigunan wasa da sa hannu a takardar hutun rashin lafiya. Kwatsam aka tura shi taron bita na kwana uku. Ranar farko ya halarci buɗe taro da cin abinci. Rana ta biyu ya halarci cin abinci. Rana ta uku ya karɓi takardar shaida da jaka, a cikin jakar kuwa akwai wata muƙala mai shafi goma sha biyu a kan ɓerayen da aka sa gudu a ɗakin bincike, aka duba yadda kalsiyam da magnesiyam suka rarrabu a ƙashinsu da tsokarsu da jininsu. Gwarzon namu ya karanta shafin farko har ƙasa, ya leƙa hotunan shafi na uku, ya rufe, ya yi ajiyar zuciya. Ilimi ya gama shiga.

Ya tafi yana Oga kawai, ya dawo Oga Sinadari. Ma'aikata ne suka raɗa masa sunan don shaƙiyanci, shi kuma ya ɗauka lambar girma ce, har ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Ranar Litinin ya tara kowa a ɗakin taro. Ya gyara tsayuwa, ya ɗora muƙalar a kan tumbinsa, inda ta zauna daram kamar a kan tebur.

"Jama'a," in ji shi, "jikin ɗan Adam ma'aikata ce. Ƙashi shi ne hedikwata, can kalsiyam yake zaune. Tsoka kuma reshe ce. Da zarar mutum ya motsa, sai a yi wa kalsiyam canjin wurin aiki, ya bar hedikwata ya tafi reshe ya matse tsoka. Magnesiyam ya bi bayansa da takarda, ya ce ya isa haka, saki. Wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci rayuwa ba. Ni kuwa, ba yabon kai ba, na kai matsayin da in na kalli mutum zan faɗa masa inda magnesiyam ɗinsa ya kwana."

Ya kuwa fara. Ya matsa dantsen masinja, ya lumshe ido, ya ce nasa ya gudu hanta. Ya ƙwanƙwasa goshin direba, ya ce kalsiyam ya taru a nan, shi ya sa ba ya jin magana. Ya dubi Iya mai shara, tsohuwa 'yar firit da ta haura sittin, wadda ke goge benen tun kafin a ɗauke shi aiki, ya girgiza kai cikin jimami. Ya ce ita kam babu ko ɗaya, iska ce kawai ke riƙe da ita.

Iya ta ce, "Allah Ya ƙara sani, Yallaɓai." Ta ɗauki bokitinta biyu cike da ruwa ta haye sama.

A cikin taron akwai nas ɗin kamfanin, wadda ke da ɗan ɗaki a hawan ƙasa mai gado ɗaya da ma'aunin jini. Shekara ashirin tana aikin jinya, kuma Allah Ya jarrabe ta da rashin iya haɗiye gyara. Ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Kalsiyam na sa tsoka ta matse, magnesiyam na taimaka mata ta saki. Amma wanda tsoka ke aiki da shi a cikinta yake ajiye, ba daga ƙashi yake tasowa a kowane taku ba. Kuma ba a gane yawansu da matsa dantse, sai an yi gwaji."

Oga Sinadari ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da giwa ke yi wa tururuwar da ta ce mata matsa.

"Malama, ɓeraye nawa kika taɓa karantawa?"

Kafin azahar takardar tuhuma ta same ta a tebur, bisa laifin raina ilimi a gaban ƙananan ma'aikata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, sai dai ba su faɗi a wuyan wa ake ɗaura shi ba.

Daga wannan mako mulki ya kankama. Ya sa aka kulle lifta, kowa ya hau bene da ƙafa don kalsiyam ya san inda ya dosa. Makullin ya zauna a aljihunsa, domin dole a sami wanda zai riƙa duba lafiyar liftar safe da yamma, kuma shugaba nagari shi ke ɗaukar aiki mai haɗari. Ya kafa gudun safiyar Alhamis, kowa ya zagaya filin ajiye motoci sau takwas. Makon farko ya sa ido daga kan kujera, a ƙarƙashin lema. Mako na biyu ya lura na baya suna ha'inci, sai ya koma bin su a mota, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, yana sauke gilashin jefi-jefi ya busa usur.

"Ɗaga gwiwa! Kai mai jar riga, ina hango magnesiyam ɗinka yana fita ta gumi, mayar da shi!"

Wani mai ƙarar kwana ya taɓa tambayarsa, cikin ladabi, yaushe shi zai yi nasa gudun. Oga bai yi fushi ba. Babban malami ba ya fushi da jahili.

"Ai ni nawa sun riga sun rarrabu daidai. Kowane sinadari yana kan kujerarsa. In na yi gudu yanzu sai in hargitsa tsari. Ku ne masu neman gyara."

Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da abin ya tsaya a kan usur da an yi dariya an wuce. Amma akwai mai ajiyar fayil, dattijon da saura shekara uku ya yi ritaya, gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, ofishinsa kuma a hawa na biyar. Kullum sai ya iso da wuri don ya hau a hankali, yana hutawa a kowane hawa, yana riƙe ƙarfe da hannu biyu. Nas ta duba gwiwar ta ga ta kumbura kamar ƙwallo. Ta rubuta takarda cewa wannan mutumin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta dace da shi, a bar shi ya shiga lifta. Oga Sinadari ya karanta, ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasa: "Kumburin alama ce kalsiyam ya iso wurin. A ci gaba." Dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu. Yana da 'ya'ya a makaranta, ba shi da bakin jayayya da mai sa hannu a fayil ɗinsa.

A gida kuwa an buɗe wani babin. Tunda gwarzonmu ba ya gudu, sai ya yanke shawarar shigar da sinadaran ta babbar ƙofa. Ya cika saman firji da robobin ƙwayoyi. Kalsiyam uku da safe, uku da rana, uku bayan la'asar, alhali a jikin robar an rubuta ɗaya. Ya ce ɗayan don talakawan jiki aka rubuta.

Matarsa, wadda ta haifa masa biyar ta kuma ga iri-irin sababbin aƙidunsa sun zo sun wuce, ta ajiye masa kofin ruwa.

"Baban yara, in ma za ka haɗiyi duwatsun nan, ka riƙa bin su da ruwa mana."

"Ruwa?" Ya ture kofin da bayan hannu. "Ruwa ɓarawo ne. Ka sha, ka yi fitsari, sinadarai su bi rariya. Ni ina tarawa, ke kina so in zubar? Kurɓi ɗaya ya isa."

"To Allah Ya ba da sa'ar tarawa."

Kalsiyam ya yi aikinsa da aminci: ya kulle ƙofar baya, ya jefar da makulli. Kwana huɗu Oga yana shiga banɗaki da jarida yana fitowa da labarai kawai. Sai ya tuna magnesiyam ne mai cewa saki. Ya haɗiyi biyar a tashi ɗaya, ya tafi ofis. Ana tsakiyar taro, yana bayanin yadda shugabanci ke bukatar natsuwa, sai aka ga ya tsaya da magana. Idonsa ya fito. Ya ajiye muƙala a hankali. Abin da ya biyo baya ma'aikata suna ba da labarinsa har yau: Oga Sinadari ya ratsa dogon baranda a guje, usur na tsalle a ƙirjinsa, kambas na ƙara a kan tayil, ya sha kwana ba tare da ya rage gudu ba. Masinja ya rantse ko a Alhamis bai ga wanda ya yi irin wannan gudun ba. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Da ya fito, gumi sharkaf, ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko. Ya gyara wuyan riga.

"Gwaji na yi muku. Haka ake tashi daga zaune."

Haka aka shafe shekara biyu. Sai Daraktan sashen ya yi ritaya, kujera ta zama babu kowa. Oga Sinadari ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya cancanta ba sai mutum ɗaya, kuma kunya ta hana shi faɗin sunansa fiye da sau goma a yini. Don a taimaka wa hukuma ta gane da kanta, ya shirya gagarumin taro mai suna Ranar Ƙarfin Ƙashi. Ya gayyaci Shugabar kamfani. Ya gayyato ma'aikatan wani asibiti da na'urar da ake sa dunduniya a ciki ta kimanta ƙarfin ƙashi. Ya dage lallai a haɗa na'urar da babban allo, sakamakon kowa ya fito a bainar jama'a. Nas ta ce wannan sirrin mutum ne, bai kamata ba. Ya ce mai gaskiya ba ya tsoron allo.

Ranar ta zo. An kafa rumfa a filin motoci, an ɗaura ƙaton ƙyalle mai hotonsa yana nuna sama da yatsa. Sai dai mai buga ƙyallen injinsa ba ya sa ƙugiya a kan haruffa. Da manyan baƙaƙe, faɗin taku goma, aka rubuta: RANAR KARFIN KASHI, TARE DA GWANIN KASHI NA KAMFANINMU. Ma'aikata suka karanta, suka tuna gudun baranda, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Direba ya shige bayan mota yana tari.

Shugabar ta iso a kan lokaci. Mace ce doguwa mai furfura, takalminta marar tsini, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga kai ta karanta ƙyallen, ta sauke, fuskarta ba ta nuna komai ba. Oga Sinadari ya karɓi lasifika.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, ƙananan ma'aikata. Shekara biyu da suka wuce na tarar da kamfanin nan sinadaransa a warwatse. Kalsiyam na yawo babu mai tambayarsa. Magnesiyam na zuwa aiki a makare. Na tsaya, na jure, na sadaukar da lafiyata. Yau ina alfaharin cewa babu ƙashi ɗaya a ginin nan da bai san sunana ba. Ba na neman sakayya. Amma idan hukuma ta ga dacewar ɗora wa wani nauyi, to ta nemi wanda ƙashinsa zai iya ɗauka."

Ya yi minti arba'in. Aka tafa, galibi don murnar ya gama.

Aka fara gwaji. Allon na nuna launi uku: kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja a je a ga likita. Masinja ya sa ƙafa, kore. Direba, kore. Shugaba da kanta ta cire takalmi, kore. Mai ajiyar fayil ya ɗingiso, ruwan ɗorawa. Aka kira Iya mai shara, ta ce ita ba ta son abin lantarki, sai da nas ta riƙe mata hannu. Allo ya yi kore shar, har ma'aikacin asibitin ya sake tambayar shekarunta.

Oga ya yi murmushi. "Kun gani? Tsarina ne."

Sannan ya zauna. Aka ɗauki lokaci kafin a cire kambas, don hannunsa bai kai ba, sai da direba ya durƙusa. Ya sa dunduniya, ya juya yana kallon jama'a, ya ɗaga hannu tun kafin sakamako kamar wanda ya ci zaɓe. Shirun da ya ji ne ya sa ya waiwaya.

Ja. Ba ja mai kunya ba, ja wur.

"A sake," in ji shi. Aka sake. Aka canza ƙafa. Allon bai canza ra'ayi ba.

Da wani ne, da ya faɗi nan take. Amma Oga Sinadari ba wani ba ne.

"Ranki ya daɗe, wannan na'ura an ƙera ta ne don ƙashi gama-gari. Nawa ya wuce ma'auninta, shi ya sa ta zagayo ta koma ja. Haka sikeli ke yi in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa."

Shugaba ta mayar da takalminta. "Zai yiwu," in ji ta. "Ai abin ba wuya. Ina so in ga ofisoshin hawa na shida, na kuma ji an kulle lifta saboda lafiya. Mu hau tare, ka riƙa yi mini bayani a hanya."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Hawa na ɗaya ya yi shi da bayani. Hawa na biyu bayanin ya koma kalma ɗaya-ɗaya, kowace da numfashi uku a tsakani. Ma'aikata na biye a baya, sahu-sahu, ba wanda aka gayyata, ba kuma wanda ya yarda a ba shi labari. A tsakiyar hawa na uku sharaɓarsa ta hagu ta ɗaure tamau. Ya kama ƙarfe, ya ce yana nuna musu yadda ake miƙa jijiya ne. Bai rufe baki ba wani abu ya soke shi a kwiɓi, daga baya ya gangaro mara, kamar an zura masa ƙusa mai zafi ana murɗawa. Oga Sinadari ya saki ƙarfe, ya saki muƙala, ya saki girma. Ya zube a kan matakala yana kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce.

Nas ce ta fara isa gare shi. Ta taɓa kwiɓin, ya kurma ihu. Ta ce a buɗe lifta a sauke shi. Makulli na aljihun wandonsa na baya, shi kuma yana kwance a kai, ba ya juyuwa. Sai da ƙarti huɗu suka mirgina shi. Iya mai shara ce ta tallafe kansa a cinyarta tana masa fifita da murfin fayil.

"Sannu, Yallaɓai. Sannu. Ka yi ta salati."

Mai ajiyar fayil, wanda sai a lokacin ya iso hawa na uku, ya tsaya yana haki, ya dubi mutumin da ke birgima a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya da gwiwarsa mai ciwo ya ɗauke tabaran Oga daga inda za a taka.

A asibiti aka yi masa allurar kashe zafi, aka ɗauki hoton ciki, washegari aka yi na ƙashi. Likitan wani siririn mutum ne marar gaggawa. Ya zo da safe ya tsaya a bakin gado, matar Oga na zaune a gefe da robobin ƙwayoyin da aka ce ta kawo, cike da leda.

"Tsakuwa ce a ƙoda," in ji likita. "Ta taso ta shiga hanyar fitsari, ita ce ta ba ka wannan azabar. Ƙarama ce, muna sa ran za ta fita da kanta in ka sha ruwa sosai. Ƙashinka kuma ya yi rauni fiye da na sa'anninka."

Oga ya yunƙura a kan filo. "Likita, a matsayinmu na abokan aiki, bari in gyara maka. Shekara biyu ina shan kalsiyam tara a rana. Ina ya tafi?"

Likita ya ɗaga ledar, ya auna nauyinta a hannu, ya ajiye.

"Ƙashi ba ya riƙe kalsiyam don kawai an haɗiya. Sai ana ɗora masa nauyi, ana tafiya, ana hawa, sannan yake ginuwa ya riƙe. In mutum ya zauna shekara da shekaru, sai ya riƙa saki. Abin da ka sha ya fi ƙarfin bukata. Wani ya bi bayan gida, wani ya bi fitsari. Ga shi ba ka shan ruwa. Ina kyautata zaton ragowar ce ta dunƙule a inda muka gan ta."

"Wato dai jikina ya fara gini."

"Ya fara. A filin da ba nasa ba."

Kwana biyu ana ɗura masa ruwa, ta baki da ta jijiya, yana fitsari a cikin 'yar rariyar tacewa don kada abin ya wuce ba a gani ba. Da hantsin rana ta uku aka ji ihu daga banɗakin ɗakin, irin wanda ya sa masu jinya a ɗakunan kusa suka fito baranda. Can ya lafa. Ma'aikaciyar jinya ta fito da 'yar kwalba, ta miƙa wa matarsa.

Matar ta ɗaga kwalbar saitin taga. Ta karkata ta. Ta sa tabarau. A can ƙasa akwai wani ɗan abu ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Baban yara, wannan ne?"

"Ki riƙe da kyau," in ji Oga daga kan gado, murya a dashe. "Wannan shaida ce ta kimiyya."

"Na haifi biyar, wallahi ban yi rabin ihun nan ba. Kuma ni kowanne da na haifa sai da aka raɗa masa suna."

Da rana wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga ofishin Shugaba, ana yi masa fatan samun sauƙi, ana kuma sanar da shi cewa an naɗa nas riƙon sashen, ta buɗe lifta ga masu lalura, ta mayar da gudun Alhamis tafiyar ganin dama, kuma abin mamaki mutane sun fi fitowa. Oga ya karanta sau biyu, ya kife wayar. Ya ce ai dama shi ya horar da ita.

Likita ya dawo da la'asar da takardar sallama. Ya ce a daina ƙwayoyin nan sai wanda aka rubuta, a sha ruwa da yawa, a kuma yi tafiyar rabin awa kullum, a fara yau, a nan baranda, kafin a tafi gida.

Oga Sinadari ya yi nazari, irin na manya.

"Likita, mutum mai matsayi irina, ayyuka sun yi yawa. Wannan tafiyar, ba za a iya wakilta ba? Ina da direba."

"Za a iya," in ji likita yana rubutu, bai ɗago ba. "In za ka ciro ƙashin ka ba shi ya tafi da shi."

Haka aka sauko da gwarzonmu daga gado. Rigar asibiti ce a jikinsa, irin mai ɗauri ta baya, wadda aka ɗinka don mutane gama-gari, saboda haka matarsa na biye tana riƙe da bakin rigar da hannu biyu don a rufa wa jama'a asiri. Silifas ɗin roba a ƙafa. Ya dafa bango, ya yi taku ɗaya, ya huta. Ya yi na biyu. A na biyar ya ga wasu masu jinya zaune a benci suna kallonsa, sai tsohon hali ya motsa. Ya tsaya a tsakiyar baranda, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa.

"Jama'a, abin da kuke gani yanzu, a ilmance, shi ake kira..."

Wani abu ya ƙwanƙwashi idon sawunsa. Ya waiwaya. Wata tsohuwa ce tukuf, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, an yi mata aikin ƙugu satin da ya wuce, tana tura ƙarfen koyon tafiya mai ƙafa huɗu. Ta ɗago ta dube shi daga ƙasa.

"Ɗana, in hutawa za ka yi, ga benci can. Matsa mini, zagaye na shida nake."